Anselmo Piloa, Mai Kwale-kwalen Tapokai

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Anselmo Piloa ranar Talata, 12 ga Maris, 1946, a ƙauyen Tapokai na tsibirin Alu da ke ƙarshen yammacin tsibiran Solomon, cikin ruwan sama da iska da suka kwana uku ba su ɗauke ba. Mahaifinsa Kasimiro Piloa masassaƙin kwale-kwale ne. Mahaifiyarsa Benedeta kuwa kakanninta daga Bougainville suka ƙetaro, kamar yawancin gidajen ƙauyen, domin duk da cewa hukuma ta raba tsibiran biyu ta bar Bougainville a hannun Papua New Guinea, daga bakin ruwan Tapokai ana hango duwatsunta, kuma tun zamanin kakanni ake auratayya da cinikayya a tsakani.

A shekarar 1954 aka sa shi makarantar mishan ta Nila, inda ya yi shekara huɗu ya bari saboda rashin lafiyar mahaifinsa.

Sana'arsa da aurensa

Daga 1964 zuwa 1971 ya yi aiki a jirgin ruwa mai jigilar busasshiyar kwakwa, a nan ya ƙware a gyaran inji. A 1972 ya dawo gida da injinsa na kansa, ya ɗaura wa kwale-kwalen da mahaifinsa ya bar masa, ya shiga kai mutane kasuwar Buin da ke Bougainville duk ranar Asabar. A kasuwar ya haɗu da Perpetua Hurivo, 'yar ƙasar Siwai ta kudancin Bougainville, mai sayar da tukwanen ƙasa, wadda ta koyi ungozomanci a wurin 'yan mishan. An ɗaura aurensu a cocin Tapokai cikin Yulin 1973, suka sami 'ya'ya huɗu: Kasimiro, Rita, Linus da Imelda.

An san Perpetua da kaifin baki. Idan ta ga mijinta ya kwance inji a ƙofar gida har abinci ya huce, takan ce, "Baban Rita, in injin ne matarka ka faɗa mini, in koma garinmu tun da sauran ƙarfina." Shi kuwa yakan ce, "Shi dai in na kashe shi yana yin shiru."

Rufe teku

A watan Afrilun 1990 mahaifiyar Perpetua ta rasu a Siwai, lokacin yaƙi ya riga ya ɓarke a Bougainville tsakanin 'yan tawaye da sojojin gwamnati. Anselmo ya kai ta tare da autarsu Imelda, mai shekara biyar, da nufin ya koma ɗauko su bayan bikin fitar da makoki. Kafin ranar ta zo aka rufe teku, aka hana kowane jirgi shiga ko fita.

Cikin 'yan watanni labari ya fara isowa cewa babu magani, babu sabulu, babu gishiri, kuma jama'a sun gudu cikin daji. Mutanen Tapokai ba su jira umarnin kowa ba. Mata suka yayyaga zannuwan gadonsu suka dafa su domin ɗaurin rauni, kowane gida ya kawo abin da ya samu na tufafi da ƙwayoyin maganin zazzaɓin sauro, aka mai da barandar coci wurin jinya, aka kuma amince cewa duk wanda aka ƙetaro da shi akwai gidan da zai ci da shi. Mutum biyar ne masu inji a ƙauyen, Anselmo ne babbansu. Ba sa tashi sai ranar da ruwan sama ya rufe teku, domin a irin ranar ne jiragen sintiri ba sa fitowa.

Dokar kwale-kwale

Matsalar da ta taso ita ce kwale-kwale mutum tara yake ɗauka, alhali babu gidan da ba shi da jini a ƙetare. Duk wanda ya miƙa ƙunshi sai ya haɗa da sunan wanda za a ɗauko masa, har ta kai wasu iyalai sun daina gaisawa. Wata Lahadi cikin Oktoban 1990, bayan an tashi daga sujada, aka zauna kan maganar. Wata tsohuwa mai suna Skolastika ta miƙe ta ce, "Wato ni zan yaga zanen aurena, a je a kwaso mini baƙi, ƙanena yana can yana cin ganye kamar akuya?"

Anselmo ya ce, "Inna, ƙanenki ƙafarsa biyu, yana iya gudu. Wanda na ɗauko jiya ɗaya ta rage masa."

"Kai ka ce haka. Ranar da ka ga matarka fa?"

"Ko ita ce, Inna. Mai tuƙi ba shi da zaɓi. Na can su zaɓa, wanda ya fi kusa da mutuwa shi ne farko."

Katikis Petero, malamin cocin, ya rubuta maganar a bayan littafin baftisma, aka karanta wa jama'a, ta zama doka. Daga lokacin zuwa farkon 1993 Anselmo ya ƙetara sau talatin da huɗu. Duk bakin kogin da ya tsaya sai ya tambayi Perpetua, wasu su ce tana kan duwatsu tana karɓar haihuwa, wasu su ce ba su san ta ba. A gida kuwa ya hana a taɓa tukwanenta, ya kuma ci gaba da nome mata gonar gwaza ko da yake ba aikin da ya iya ba ne.

Laraba, 17 ga Fabrairu, 1993

A wannan rana ya isa bakin wani kogi a gaɓar Siwai da hantsi, ruwa yana zuba. Majinyata suna kwance a ƙarƙashin itatuwa, wata mace ramammiya sanye da buhun shinkafa tana nuna waɗanda za a ɗauka. Sai da ta yi magana ya gane ta.

"Baban Rita, ka tsufa. Wa yake maka aski haka, kaguwa?"

Ya riƙe hannunta ya ce, "Ina Imelda?"

"Tana wurin Yaya a kan dutse, tafiyar kwana biyu. Ta yi tsawo, bakinta irin nawa. Zo ka kama mini wannan, kwananta biyu tana naƙuda, ɗan ya gicciye."

Suka loda mutum goma sha ɗaya, har ruwa ya kusa bakin kwale-kwalen. Sannan ya ce mata, "Shiga."

"In zauna a kanka?"

"A sauke ɗaya. Jibi zan dawo masa."

"To nuna shi da yatsa. Ga su nan, duk suna jin ka."

Ya dubi cikin kwale-kwalen, bai nuna kowa ba. Ta ce, "An gaya mini kai ka kafa dokar. Har na yi ta yi wa mata fankama da kai, yanzu kuma za ka ba ni kunya? Ina da masu ciki biyu a sansani. Ruwan sama na gaba ka zo nan, za ka same mu ni da 'yarka. Ka taho mini da almakashi da riga, na gaji da zama shinkafa."

Ita da kanta ta tura kwale-kwalen. Zamansu tare bai kai rabin sa'a ba. Matar da ke naƙuda ta haihu a Nila da yammacin ranar, ita da ɗan duka suka rayu.

Ruwan da ya isa a ƙetara bai sake sauka ba sai bayan kwana goma sha tara. Da ya koma da almakashi da rigar, ya tarar an yi faɗa a wurin, bukkokin sun ƙone, babu kowa. Ya sake komawa sau shida. A watan Mayun 1994 jirgin sintiri ya nutsar da kwale-kwalensa da injin, shi kuma ya tsira da iyo.

Bayan yaƙi

Da aka tsagaita wuta a 1998, ya ari kwale-kwale ya tafi Siwai. A can yayar matarsa ta shaida masa cewa Perpetua ta rasu cikin Satumban 1994 sanadiyyar zazzaɓin sauro, a lokacin da magani ya daina isowa, kuma an binne ta cikin gaggawa ana gudu, waɗanda suka haƙa kabarin ma ba su rayu ba. Imelda tana da shekara goma sha uku, ta manta harshen Alu, sai da aka yi musu tafinta. Da ya nemi ta biyo shi, ta ce, "Baba, ƙasar Mama ce, ni aka bar wa. In na tafi wa zai zauna a kai?" Bisa al'adar Siwai gadon ƙasa ta wajen uwa yake bi, don haka bai ja ba.

Daga 1999 zuwa 2006 duk shekara yakan yi wata guda a dajin Siwai yana neman kabarin, har gwiwoyinsa suka gaza hawan dutse. Bai sake aure ba. Ya koma gyaran injinan matasa a bakin ruwa, kuma ba ya zama sai ta inda zai fuskanci duwatsun ƙetare. A shekarar 2009 Katikis Petero, wanda shi ma ya tsufa, ya tambaye shi ko yana nadamar dokar. Ya ce, "Dokar daidai ce, Petero. Ko yau aka sake zama, ita zan faɗa. Ni dai matata nake so."

Rasuwarsa

Anselmo Piloa ya rasu ranar Alhamis, 11 ga Agusta, 2011, yana da shekara sittin da biyar, bayan gajeriyar jinya. An binne shi washegari a maƙabartar cocin Tapokai, kuma cikin masu ɗaukar makara akwai mutum uku daga waɗanda ya ƙetaro da su. Imelda ta iso kwana ɗaya bayan binnewa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Kasimiro da Linus a Tapokai, Rita a garin Gizo, Imelda a Siwai, da jikoki goma sha ɗaya.

A shekarun rufe teku, mutanen Tapokai sun ƙetaro da majinyata fiye da ɗari shida. Sun rasa kwale-kwale uku, inji huɗu da matuƙa biyu. Daga cikin danginsu sittin da uku da yaƙin ya rutsa da su a ƙetare, goma sha tara ba su dawo ba, bakwai daga ciki ba a san kabarinsu ba, har da Perpetua Hurivo.