Ramalan da Intala a Cikin Rawani Ɗaya

Ramalan mutumin Keita ne, can jihar Tawa, amma yawancin mutanen Arlit ba su san haka ba. Abin da suka sani shi ne dogon tsohon nan mai sayar da ganyen shayi da sukari a bakin kasuwa, wanda in ka zauna bisa bencinsa sai ya ba ka labarin ranar da raƙumi ya kayar da shi a tele, wato talabijin.

Tun yana saurayi ya tafi Yamai neman aiki, ya samu gadi a wani gida da ake ɗaukar wasan kwaikwayo. Lokacin tele sabuwar shigowa ce, unguwa guda ke taruwa gaban akwati ɗaya. Wata rana aka rasa wanda zai fito a manzon sarki. Mai shirya wasan ya dube shi sama da ƙasa, ya sa aka naɗa masa baƙin rawani, aka ja amawali har ƙarƙashin idanunsa. Aikinsa ya shigo, ya durƙusa, ya isar da saƙo, ya fita. Daga nan ya zama ɗan wasa, ko da yake bai taɓa zama wanda labarin ke kansa ba. Ya yi manzo, ya yi madugun ayari, ya yi mai tsaron rijiya. Sinima ma ya shiga sau biyu, a ɗaya gawa ya fito.

Ba shi kaɗai ke wannan fitowa ba. Akwai Intala, mutumin Abzin, wanda tsayinsu ɗaya. Riga ɗaya aka ɗinka musu, rawani ɗaya, wanda aka samu kusa shi ke sawa. Wani lokaci Ramalan ya fara wasa ran Litinin, Intala ya ƙarasa shi ran Alhamis. Muryar ma ba tasu ba ce, daga baya ake ɗora ta wani, don an ce Hausar Ramalan ta cika Tawa, ta Intala kuma tana maida mace namiji. Mai rubuta sunaye a ƙarshen wasa ya gaji da tambayar wa ya yi yau, sai ya riƙa sa suna ɗaya: Ramalan Intala.

Da wasannin suka ja baya, Ramalan ya bi motar kaya zuwa Arlit. Ya samu aikin tsaron ɗakin kayan aiki a Akokan, nan kusa da garin, ya auri Siddiƙa, ya yi shekara ashirin da wani abu kafin ya ajiye. Intala kuwa Agadas ya koma. Sun haɗu sau ɗaya wurin wani suna, daga nan shiru.

Bara, wata Talata da hantsi, Ramalan ya komo gida daga kasuwa ya tarar da maza zaune bisa tabarmi a ƙofarsa, daga ciki kuma ana jin koke-koken mata. Da suka gan shi, wasu suka miƙe, wasu suka kasa. Wani tsohon abokin aikinsa ya miƙa masa hannu ya ce masa, "Ya haƙuri?" don ya rasa abin da zai ce. Siddiƙa ta fito da ruwan shinkafa a hannunta. Ta yi ta gaya wa matan cewa da safe ta ba shi kunu da hannunta, amma ba mai saurarenta, kowa na nuna mata salula. Saƙo ne ke yawo, wai Allah ya yi wa tsohon ɗan wasa Ramalan Intala rasuwa, an haɗa da guntun wasan nan na faɗuwa daga raƙumi.

Sai da azahar aka gane Intala ne ya rasu a Agadas. Jama'a suka watse suna dariya ƙasa-ƙasa. Ramalan bai yi dariya ba. Ya karɓi salular maƙwabci ya kalli guntun wasan sau da yawa. Mutumin ya faɗo, ya miƙe, kafin ma ya duba ƙafarsa sai da ya gyara amawali. Wannan halin Intala ne, ba ya yarda a ga bakinsa ko da jini na zuba. To amma shi ma ai wurin Intala ya koyi haka, har ya zame masa jiki.

Ya tuna faɗuwar sarai. Ya tuna yadda ƙafar raƙumin ta gaba ta lanƙwashe, da yadda jelar rawanin ta warware a iska. Sai kuma ya tsaya: wanda ke faɗuwa yaya zai ga jelar rawaninsa? Ko a tele ya gani daga baya? Ya ɗaga wandonsa ya dubi tabon gwiwarsa. Siddiƙa ta ce a farkon aurensu ya gaya mata keke ne ya kayar da shi. Shi bai tuna ya taɓa faɗin haka ba.

Ran sadakar bakwai ya shiga mota zuwa Agadas. Hanyar ta jijjiga shi wuni guda. Maryama, babbar 'yar Intala, ta tarbe shi kamar ta san shi, ta ce mahaifinta na yawan kiran sunansa. Cikin hira ta ce kafaɗarsa ta dama ba ta daina damunsa ba tun faɗuwar nan daga raƙumi, har ya tsufa ba ya iya ɗaga ta sama sosai. Ramalan ya ce wataƙila sau biyu aka ɗauki wurin. Bai sani ba ko haka ne.

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon hoto. Maza biyu ne tsaye gaban bango, duka da rawani da amawali, ranar da aka aro riga ta biyu don wani wasa na 'yan tagwaye.

"Baba, hotonsa na samartaka ke nan kaɗai a gidan nan," in ji ta. "Ina so a fitar da shi babba. Wanne ne shi a ciki?"

Ya kai hoton kusa da idonsa, ya nisantar. Ya fita tsakar gida inda haske ya fi. Idanu huɗu ne ke kallonsa ta tsakanin baƙin ƙyalle, ba waɗanda ya ji nasa ne. Ita kuwa tana tsaye tana jira, 'yan'uwanta mata sun leƙo ta ƙofa.

"Na hagu ne, 'yata," ya ce.

Bayan mako uku Maryama ta aiko da hoton ta salular maƙwabcin nan, an yanke na hagu, an sa shi cikin gilashi an rataye a ɗakin mahaifiyarta. Siddiƙa ta karɓa, ta ja hoton da yatsu biyu har ƙafafun suka cika salular. Ta ce wannan babban yatsa mai karkata ta shekara arba'in tana ganinsa bisa tabarmar salla. Ramalan ya cire takalmi ya dubi ƙafarsa, ya dubi hoton. Da kama. Amma kamar ya tuna Intala ma haka yatsansa yake, takalmin da aka ba su ɗaya ne, kuma ya matse su duka.

Maƙwabcin ya tambaya ko a kira Maryama a gaya mata. Ramalan ya ce a bari tukuna ya ƙara tunani. Har yau lambarta na rubuce a bayan kwalin shayi a rumfarsa, bai kira ba, bai kuma yar da kwalin ba.