Ga Ta Nan

Da hantsi yakan tuɓe takalmansa a ƙofar maƙabarta, ya ɗauki sandar ƙarfe, ya bi layi-layi yana taɓa ƙasa a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ɗakin mara lafiya. Shekara arba'in da shida ke nan. Baba Mai Haƙa ake ce masa. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli, gwiwa ta ce ta gaji.

Masu shaidarsa suna da yawa, amma labari ɗaya ya isa.

Bara wata tsohuwa ta zo, ɗanta na riƙe da hannunta, don yanar ido ta fara rufe mata gani. Cikinta na fari ya zo babu rai, shekara talatin da tara da suka wuce. Kafin ta farfaɗo an ɗauke an binne, abin da ta samu kawai shi ne "ki yi haƙuri". Mijin ya rasu bai nuna mata wurin ba, sai dai ya taɓa cewa taku ashirin ne daga ƙofa, hannun dama. Ɗan ya auna sau uku, duk yana ƙarewa kan sabon kabarin babba. Ita kuwa so take ta ga wurin tun idon na gani.

Baba ya saurara har ta gama. Ya ce, "Maigidan naki dogo, mai in'ina? Ya zo a keke, ko hula babu?"

"Shi ne."

"To, bai yi ƙarya ba, Inna. Ƙofa ce ta yi ƙaura. Na ƙasa ba ya tashi."

Ashe lokacin faɗaɗa titi an ja katanga ciki, layin jarirai ya koma waje. Ya zagaya da su baya, inda wani mai facin taya ya kafa rumfa.

"Baba, yau ni za a auna?" in ji mai faci. "Da saura, ko tari ba na yi."

Baba ya wuce cikin rumfar. Ya ture tsofaffin tayoyi, ya shiga buga sanda. Tauri, tauri, tauri. Sai ƙarar ta sauya, ta fito daga can ciki kamar an taɓa tulun da babu ruwa. Dariyar mai faci ta ɗauke. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shekara tara benci bai taɓa zama daidai a wurin ba, kullum sai ya karkace.

Baba ya ce, "Ga ta nan."

Tsohuwar ta juyo. "Ta?"

"Ba a gaya miki ba? Mace ce. Gashi cike da kai. Ni na karɓe ta daga hannun ubanta."

Sunaye biyu, na namiji da na mace, take riƙe da su a ranta duk tsawon shekarun nan. Ta zauna cikin baƙin mai da ƙura, ta shimfiɗa tafinta a ƙasa, ta raɗa ɗaya. Ba wanda ya ji.

Baba, kai ne ka riƙe waɗanda ba su yi numfashi ba balle suna. Kai ne mai amanar da ba a ba ka ba. Mun gode, Allah Ya saka maka.

Ku masu karɓar makulli, ku tuɓe takalma ku bi bayansa tun yana iya takawa. Akwai sauran ƙanana talatin da ɗaya a bayan katangar nan, kuma shi kaɗai ya san uwar kowanne.