Yatsan da Siminti Ya Cinye

Yayana birkila ne, kuma duk wanda ya taɓa yin musabaha da shi ba sai an gaya masa ba. Tafin hannunsa kamar bayan tukunya yake. Idan ya kalli bango zai gaya maka inda ya karkace tun ba a ɗora ma'auni ba, amma ka ba shi lamba ya riƙe, kafin ya kai ƙofa ta bi iska. Matarsa, wadda muke kira Anti, ita ce ma'ajiyar lambobinsa duka.

Shekarar da ya faɗo daga kan katakon gini ya karye a ƙafa, ya yi watanni a kwance. Hannun nan ya huta, ya yi laushi, har Anti tana tsokanarsa wai ya koma hannun ma'aikacin ofis. A lokacin ne ta saita masa sabuwar wayarsa. Ta kama babban yatsansa tana dangwalawa tana ɗagawa har wayar ta haddace zanensa, sannan ta saka lambar sirri da kanta.

"Kai ba ruwanka da lamba," ta ce masa. "Yatsanka ne makulli, shi dai ba za ka manta shi a wurin aiki ba."

Da ya koma gini, siminti ya ci gaba da cin fatar kamar yadda ya saba. Wata rana wayar ta gane shi, wata rana ta yi masa kallon baƙo. Bai taɓa damuwa ba. Ya dawo gida ya miƙa wa Anti, ta latsa lambobinta, ta miƙo masa tana mita. Saƙon murya kuwa kullum sai ta tura masa wurin aiki: ya ci abinci, ya daina hawa sama ba igiya, ya taho da sabulu. Rabi faɗa ne, rabi dariya.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba mu lokaci ba. Ana fama da asibiti, wa zai tuna da wata lamba? Bayan rasuwar na sha ganinsa a bakin gado, waya manne da kunne, yana jin faɗan sabulu yana murmushi. Na roƙe shi ya zauna ya huta, amma taurin kan Yaya sai shi. Ya ce ɗakin ya yi masa girma, ya ɗauki cokalin gininsa ya fita.

Ranar ya dawo da yatsa a goge sumul. Ya dangwala, ta ƙi. Ya goge a riga, ya lasa, ya sake, har wayar ta gaji ta ɓoye wurin yatsan ta fito da jerin lambobi. Muka gwada shekarar aurensu, muka gwada ranar haihuwarta, sai ta fara sa mu jira kafin mu sake. Wallahi na ji kamar in maka ta da ƙasa.

Shi kuwa ya yanke wa kansa hukunci: yatsa ne ya lalace, yatsa zai gyara. Ya yanko bakin safar hannu ta roba ya rufe shi, ya ɗaure da zare. Yana aiki da yatsan a miƙe kamar mai tsayar da mota, abokan aiki suna yi masa dariya, bulo yana suɓuce masa. Da yamma ya shafa masa mai, ya kai shi kusa da taga yana neman layukan zanensa.

Ni na ɗauki wayar a ɓoye na kai wa mai gyara. Ya jujjuya ta, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, ko yatsan jariri ya dawo da shi, ba za ta karɓa ba sai an fara saka lambar. Abin da zan iya shi ne in wanke ta, ta koma sabuwa."

"Da muryoyin?"

"Da komai. Ba a ajiye su a wani wuri ba."

Na yi ta juya maganar a raina kafin na iya faɗa. Na same shi yana kwance zaren, ya nuna mini yatsan da murna, layukan sun fara fitowa siri-siri. Na gaya masa yadda mai gyara ya ce, ban rage komai ba. Bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba, ni kuwa da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya jona ta a caji.

"Kar a wanke," ya ce. "Tana ciki."

Na tashi zan fita sai ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, ke kina iya kwaikwayon mutane. Yadda take cewa in ci abinci ɗin nan, da 'kai' take farawa ko da 'wai'? Tun jiya nake nema, na kasa jin ta."