Gurbin Uba

A ofis ana kiranta Uwar Rumbu, don ita ke kula da rumbun bayanan makarantun da kamfaninsu ke yi wa aiki. Kujerarta na lungu, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa ba ta rabuwa da rigar sanyi. Ba ta da yawan magana. In an tambaye ta abu, sai ta juyo allon kwamfuta ta nuna da bakin biro.

Ita ta tsara jadawalin ɗalibai tun tana sabuwar ɗauka. Kowane yaro layi guda: suna, aji, gurbin uba da lambar wayarsa, gurbin uwa da tata. A lokacin ta ga ya yi tsaf, saboda a gidansu ma haka ta taso ta gani.

Sai yayanta ya rasu, matarsa kuwa ta riga shi. 'Yarsu ta dawo hannunta. Wata rana zazzaɓi ya rufe yarinyar a aji, na'ura ta bi abin da aka koya mata, ta tura saƙo wayar mamaci. Yarinya ta yini kwance a benci har aka tashi.

Washegari Uwar Rumbu ta sami shugaban sashe.

"Yallaɓai, ina so in taɓa jadawalin ɗalibai."

Da ya ji dalili, ya yi mata sannu, sannan ya ce, "Haba Uwar Rumbu, makulli fa na hannunki. Goge sunansa ki sa naki. Wa zai kai ki ƙara?"

"Sai mu haɗa mu saya miki hula, tunda za ki zama uba," in ji mai gyaran kwamfutoci daga ƙarƙashin tebur.

Ta yi murmushi ta koma lungunta. Umarnin da za ta ba kwamfuta don sauya sunan gajere ne, har ta rubuta shi. Amma ta san daga wannan gurbin takardar sakamako ke ɗauko sunan uba. In ta danna, yarinyar za ta gama makaranta babu sunan mahaifinta a takarda ko ɗaya. In ta bari, gobe ma wayar da ba mai ɗauka za a kira.

Maimakon ta danna, sai ta tambayi rumbun: layi nawa ne ke da sunan mace a gurbin uba? Allo ya cika, ya yi ta gangarawa. Kakanni, innoni, yayye. Ashe ma'aikatan makarantu sun daɗe suna wannan dabara, saboda ita ba ta bar musu wata ƙofa ba.

Ta kira shugaba ta juyo masa allon, ta ce tana so ta buɗe wa masu riƙo gurbin kansu. "Yi," ya ce. "Amma in rumbu ya tsaya, ni da ke ne."

Ta gina sabon jadawali na masu riƙo, kowa da dangantakarsa da yaro da wanda za a fara kira. Ta gwada a kwafin rumbun har ta gamsu, sannan ta ɗora a kan na ainihi. Sunayen da aka riga aka goge ba su dawo da kansu ba. Ta bi makarantu da tambaya. Wasu aka samo, wasu har yau gurbinsu fayau.

Wata yamma yarinyar ta shigo tana cire takalmi.

"Goggo, yau malama ta ce kowa ya duba bayanansa. Sunan Baba na nan."

"Yana nan."

"Ta ce wa za a kira in ba ni da lafiya. Na ce ta duba ƙasa, yana rubuce."