Matakala Uku a Gefen Rumfar Baduku

Ranar da igiyar takalmin Gwaggo ta tsinke a bakin titi, sati biyu da fitarta takaba, Baduku mai gyaran takalma ne ya cire silifas ɗinsa ya tura mata. Ta koma gida tana jansu kamar ta shiga kwale-kwale, shi kuwa ya wuni yana aiki ƙafa a ƙasa. Tun daga ranar take lura da shi, don rumfarsa na kallon tagarta.

'Yarsa ɗaya, ana ce mata 'Yar Baba. An haife ta ƙafafunta ba ƙarfi, ta hagun kuma ba ta kai ta dama ba. Duk bayan wata shida sai ya zaunar da ita a benci, ya auna da zare, ya yanko tsohuwar tayar mota ya ƙara wa takalmin hagu tudu.

"Kin ga, duk layin nan ke kaɗai ke yawo a kan taya."

"To ina hon ɗina, Baba?"

"Bakinki mana, ai ya fi na tirela."

Da ta kai shekara bakwai ta ƙwallafa rai a kan makaranta. Amma ƙofar ajin matakala uku ce, gadon bayan Baduku ya gaji da goyo, matarsa ga tsohon ciki. In yarinya ba ta iya hawa da kanta ba kafin hutu ya ƙare, sai wata shekarar. Ya je ya auno matakalar da zarensa, ya samo katako ya haɗa irinta sak a gefen rumfa. Kullum da hantsi tana hawa da sandunanta.

Sai dai 'yan layi ba su barinta. Da ta yi tangal-tangal, mai shayi ya yar da kofi, mai kitso ta saki kan mutane, a sure ta ana "Allah sarki, sannu!" Gwaggo ta fi kowa sauri. Sati uku yarinya ba ta wuce ta biyu ba.

Ran nan ta faɗi tim, Gwaggo ta fito mayafi a baibai. Baduku ya tare ta, ya rusuna.

"Tsaya, Gwaggo."

"Ɗan nan, ba ka da tausayi ne?"

"Ina da shi. Shi ya sa in ta faɗi nake sunkuyar da kai a kan ƙusar da nake bugawa, don kar in tashi in ɗauke ta."

Suna cikin haka 'Yar Baba ta dafa, ta miƙe gwiwa duk ƙura, ta ciza leɓe, ta taka ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ta waiwayo tana haki: "Sai a sa min ta huɗu!"

Baduku ya share ido da bayan hannu.

"Alfarma ɗaya, Gwaggo. Kwana goma suka rage, kuma ke 'yan layi ke kallo. Gobe in ta faɗi, ki zauna a tagarki ki ja mana carbi kawai."