Ranar da Na Danne Kwamfuta da Dutsen Niƙa

Ni ba matsoraciya ba ce, kowa a ofishinmu ya san bakina ya fi jikina girma. Amma akwai wata rana, a daminar shekarar da Mama ta dawo wurina da zama, wadda har yau ba na son tuna ta.

Daga garinmu Iware na ɗauko mahaifiyar tawa bayan gwiwoyinta sun ƙi. Matar da ta yi shekaru tana dawowa daga gona da doya a ka, sai ga shi daga gado zuwa banɗaki sai da sanda da dafa bango. Na kawo ta gidan da nake haya a unguwar Majidaɗi a Jalingo, ciki da falo, na bar mata cikin. Likita ya ce a riƙa gasa mata gwiwa da ruwan ɗumi safe da yamma. Satin farko na yi yadda aka ce. Sati na biyu na yamma kawai na riƙa yi. Daga nan abin ya koma "Mama, bari in na dawo," in na dawo kuma ga girki, ga aikin ofis da na kwaso. Ita kuwa ba ta taɓa tuna min ba.

Ina da wata laftof ta hannu da nake aikin ofis ɗin da ita. Soket ɗaya ne mai lafiya a duk gidan, kuma yana gefen gadon Mama, don haka a can kwamfutar take zama, kan wani ɗan tebur. Kullum a jone nake barin ta, domin wutar Jalingo ba ta sallama, in ta zo gara ta tarar da waya a bango. Kashewa ma ba na yi, murfin kawai nake rufewa in yi gaba.

Sannu a hankali sai ta fara canja kama. In na ajiye ta ba ta zama daidai, sai ta riƙa rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Wurin da ake goga yatsa ya taso, murfin ya daina haɗuwa. Na ce damina ce, ai ƙofar katako ma kumbura take yi. Na kuma lura tana warin man zafi, amma ɗakin gaba ɗaya warin da yake yi ke nan, ban kawo komai a raina ba.

Da safiyar ranar abin ya ishe ni. Na shiga kicin na ɗauko ɗan dutsen niƙan Mama, wanda ta nace sai an taho da shi daga ƙauye, na ninke tawul a kan murfin, na aza dutsen. Wai nufina kafin in dawo ta miƙe. Mama tana kallona daga kan gado, ta ce zai yi masa nauyi, domin ita komai "shi" ne a Hausarta. Na ce ta bar min harkar inji, ba doya ba ce. Na jona caja, na fita, na sa kwaɗo ta waje kamar kullum. Ita da kanta ta ce in riƙa yin haka, tun da ba ta iya tashi ta buɗe wa masu ƙwanƙwasawa. Tagogin gidan kuma duk da ƙarafa.

Da rana na leƙa shagon wani mai gyaran kwamfuta kusa da ofis, dattijo ne mai ƙaramin tabarau, don in tambaye shi ko akwai kusoshin da za a ɗaure mata. Ina ba shi labarin dutsen ina dariya, ina jiran ya yaba dabarata. Bai yi dariya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Madam, yanzu haka tana jone da wuta?"

Na ce eh. Ya tambaya ko da mutum a ɗakin. Na ce mahaifiyata.

Ya miƙe ya kai ni bayan shago, ya nuna min wani bokitin ƙarfe cike da yashi. A ciki akwai wani abu baƙi ƙirin, ya narke ya dunƙule. Ya ce batir ne, irin wanda ke cikin tawa. Ba roba ce ta kumbura ba, batirin ne ya lalace yake tara iska a ciki. Zafi da caji suna ƙara hura shi, in kuma aka matse shi ko aka huda, yakan kama da wuta farat ɗaya, wutar da ba ta jiran a ɗebo ruwa. Ya ce in na isa in fara kashe soket, kada in danna ta, kada in girgiza, in fitar da ita waje in ajiye a kan yashi, nesa da komai.

Na ɗaga kai na ga fankar shagon tana juyawa, babu ƙarar janareta ko ɗaya a layin. Akwai wuta a gari. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar.

Ban koma ofis ɗaukar jaka ba, makulli da waya suna hannuna. Na tare keke napep na ce shata, Majidaɗi, kada ya tsaya wa kowa. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo da ramuka, shi kuma yana lallaɓa kekensa. Na zazzage masa masifa, bawan Allah bai yi min komai ba. Na kira wayar Mama, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dama ba ta cika ɗauka ba, na san haka, amma ranar sanin bai amfane ni da komai ba. Na kira maƙwabciyata, ta ce tana gona, kuma ko tana gida makullin yana hannuna.

Abin da na riƙa gani a idona ke nan: katifa, labule, jakunkunan kayan da na jibga a ƙarƙashin gado, da Mama tana laluben sandarta. Ko ta kai ƙofa me za ta yi? Ni na kulle ta, ni na ɗora dutsen, ni na ce ta yi shiru. Tsoro ya kama ni. Da muka karya kwanar layinmu na hango hayaƙi, sai da muka matso na ga mai gasa masara ce.

Sau biyu makullin yana faɗuwa daga hannuna. Na buɗe, na tsaya ina shaƙar iska. Babu ƙauri. Na ɗaga labulen ciki.

Teburin babu komai a kai. Dutsen yana ƙasa, an gangaro da shi kan tabarma. Mama tana zaune ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, ta lulluɓe su da zane, idonta a lumshe. Wayar caja ta taso daga bango ta shige ƙarƙashin zanen. Hannayenta biyu suna kai, ta danne.

Ban san inda na samo muryar da na yi magana da ita ba, ni da ban iya magana a hankali ba. Na kashe soket tukuna.

"Mama, ɗaga hannuwanki. A hankali. Kada ki motsa ƙafa."

Ta buɗe ido ta ɗaga. Na yaye zanen. Kwamfutar tana kan gwiwoyinta, gefenta ya buɗe har ina hango abin da ke ciki, wani wari mai zaƙi-zaƙi yana fita. Na tallabe ta da hannu biyu, zafinta yana cin yatsuna, na fita ina ƙirga takuna. Akwai tarin yashin da mai gida ya zube a tsakar gida, a kai na ajiye ta, na ja da baya. Ba ta kama ba. Daga baya dattijon ya zo da kansa ya cire batirin ya tafi da shi a bokitinsa.

Amma kafin zuwansa, da na koma ɗaki, tsoron nan duk ya juye ya zama faɗa. Na ce wa ya ce ta taɓa, ta san abin da ta rungume kuwa, so take ta kashe kanta ta bar ni da abin faɗa a Iware? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan maimaita ba. Ta bar ni har na gaji. Fatar gwiwoyinta ta yi jawur, shatin kwamfutar ya fito a kai.

"Yana da ɗumi," ta ce. "In kin tafi nakan ɗora shi. Ya kai wata guda. Na ga kina gajiya, ban so in dame ki da maganar ruwa ba."

Babu fushi a muryarta, har tana ba ni haƙuri don ta sauke dutsen. Sai a lokacin na gane warin man zafin nan, na gane kuma abin da ya sa ta ce zai yi masa nauyi: abin gasa gwiwarta na danne. Kunya ta rufe ni, kunyar da ta fi tsoron nan yi min ciwo.

Na shiga kicin na ɗora ruwa a gas, na ɗauko tawul ɗin da na ninke da safe. Ina tsaye ina kallon agogon bango. Ruwan bai kai minti goma ba ya yi ɗumi.